Jinin Mai Gado Na Bakwai

Ku yi mani afuwa tun kafin in fara. Ni mai karatu ce, ban taɓa rubuta labari ba, kuma na san cikin masu karanta wannan akwai waɗanda suka fi ni sanin aikin asibiti nesa ba kusa ba. Sau uku ina yaga shafin farko. In kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri, don Allah ku tsallake ku wuce.

A gida Auta ake ce mata, don ita ce ƙarshen su shida. A ɗakin gwajin jini na asibitin kuwa Sabuwa suke kiranta, ko da yake saura kwana huɗu ta cika wata shida a wurin. Aikin wucin gadi aka ɗauke ta, da sharaɗin in watanni shidan suka wuce lafiya, ranar Litinin za a miƙa mata takardar tabbatarwa.

Wannan takarda ta riga ta shiga gidansu tun kafin a buga ta. Mama ta sayo firam mai ruwan zinariya ta ajiye a kan kabad, tana goge shi kullum kamar akwai wani abu a ciki. Baba kuwa shekara talatin ya yi yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a wannan asibitin kafin ya yi ritaya. Shi da kansa yake goge mata farar rigarta duk ranar Lahadi, ba ya yarda kowa ya taɓa.

"Ni iyakata bakin ƙofa," yakan ce. "In na sauke mutum sai in juya mota. Ke kuwa kin shiga ciki, Auta."

Shugabar ɗakin gwajin wata doguwar mata ce mai gilashi. A gabanta Hajiya ake ce mata, a bayan idonta Jan Biro. Ranar da Auta ta fara aiki, kafin ma a nuna mata inda za ta rataye jakarta, Hajiya ta tsayar da ita ta ce, "Kafin allura ta taɓa fatar mutum, ki tambaye shi sunansa, ya faɗa da bakinsa. Sannan ki duba robar da aka ɗaura masa a wuyan hannu, ki ga sunan ya yi daidai da na takarda. Duk wanda ya kawo mani jinin wani da sunan wani, ya ajiye farar rigarsa ya kama hanyar gida. Ba na sauraron haƙuri."

Auta ta rubuta wannan a shafin farko na littafinta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ranar Alhamis da ƙarfe bakwai da rabi na safe aka ba ta takarda daga ɗakin maza: mai gado na bakwai jininsa ya yi ƙasa, za a yi masa ƙari da rana, a ɗebi nasa a gano rukuninsa. Ta ɗauki tirenta ta hau bene.

Ɗakin dogo ne, gado goma sha biyu, an rubuta lambar kowanne da shuɗin fenti a bango. Masu aikin dare suna miƙa wa na safe aiki a can ƙarshe, kawunansu haɗe a kan tebur. A gado na bakwai, kusa da taga, wani dattijo mai farin gemu yana kwance ta gefen dama, carbi a hannunsa, leɓɓansa na motsi.

"Baba, ina kwana? Ya jiki?"

Ya ɗaga mata kai, bai katse zikirinsa ba. Da ya ga tiren sai ya miƙo hannun hagu da kansa, irin miƙowar wanda ya saba da allura.

Auta ta buɗe baki za ta tambayi sunansa, sai ta kasa. Tun tana ƙarama, in Baba yana kan sallaya da carbi, ko ƙofa ba a bugawa da ƙarfi a gidansu. Robar sunan kuma tana hannun dama, hannun da ke jan carbin, hannun riga ya rufe ta. Za ta kama hannun dattijo yana ambaton Allah ta yaye masa riga? Ta ɗaga ido ta dubi bango: bakwai. Ta dubi takarda: bakwai. Ta ɗaure damtsen, ta sami jijiya a karon farko, ta cika kwalba, ta kwafi sunan da ke kan takardar ta liƙa. Har ta ji daɗi a ranta cewa ba ta dame shi ba.

Sauran aikin ta yi shi ba kuskure ko ɗaya. Ta gano rukunin jinin, ta ɗauko leda ɗaya daga firji mai irin wannan rukunin, ta haɗa su a kwalbar gwaji ta ga sun yi jituwa. Ƙarfe goma sha biyu da rabi aka zo daga ɗakin maza da ɗan akwatin sanyi, Auta ta sa hannu, ledar ta tafi.

Duk Alhamis Baba yakan zo asibitin ya zaga ɗakuna yana gaida marasa lafiya, sannan ya kawo mata abincin da Mama ta zuba a kula. Ɗaya saura kwata ta same shi a kan bencin da ke bayan ɗakin gwajin, yana ta dariya shi kaɗai.

"Likitar gidanmu!"

"Baba, don Allah ka daina, za su ji. Ni ba likita ba ce."

"To mece ce ke, mahauciya? Ga farar riga, ga jini." Ya buɗe mata kular. "Zauna ki ci. Yau na sha dariya a ɗakin maza. Tsofaffi biyu, kowanne ya girme ni, Sista ta tsare su tana yi masu faɗa kamar 'yan firamare."

"Me suka yi?"

"Musayar gado! Ɗaya ustazu ne, ciwon ƙafa ke damunsa, ba ya iya tashi salla. Ya lura in ya kwanta a gadon maƙwabcinsa ta gefen dama, yana fuskantar alƙibla sak. Shi kuma maƙwabcin ɗan sauraron labarai ne, rediyonsa ba batir, soket kuwa yana jikin gadon ustazu. Shi ke nan, ciniki ya faɗa. Bayan asuba suka lallaɓa suka sauya, ba wanda ya gan su. Sai ƙarfe tara da Sista ta zo rabon magani ta kama su, ta kora kowa gadonsa."

Cokalin yana hannun Auta, bai kai bakinta ba.

"Wane gado ne, Baba?"

"Bakwai da takwas."

"Mai carbin, wanne ne nasa?"

"Takwas. Na bakwai ɗin ai shi ne mai rediyon, bawan Allah ya yi fari fat kamar takarda. Shi za a yi wa ƙarin jini. Na baro Sista tana ta neman jijiyarsa, duk sun ɓuya."

Auta ta sha karanta a littattafai cewa mutum ya ji ƙasa ta tsage a ƙarƙashinsa, tana ɗauka ƙarin gishiri ne na marubuta. Ita ƙasa ba ta tsage mata ba. Kunnuwanta ne suka toshe, bakin Baba na motsi ba ta jin komai. Jinin da ta gwada na mai carbi ne. Sunan da ta liƙa na mai rediyo ne. In Sista ta duba ledar ta duba robar hannunsa, za ta ga suna ɗaya, lamba ɗaya, komai daidai. Duk asibitin nan, daga mai gadi har babban likita, ba wanda ya san akwai matsala sai ita kaɗai.

"Lafiya, Auta? Barkono ya yi yawa?"

"Lafiya lau. Bari in yi alwala."

Ta miƙe ta je bakin famfon da ke jikin bango ta buɗe. Ruwa na zuba a hannuwanta, wata murya a cikin kanta tana magana da sauri, cikin natsuwa kamar ta mai hankali. Ai rukunin da kika samu shi ne ya fi yawa a cikin mutane. Wataƙila su biyun iri ɗaya ne. In iri ɗaya ne, kin je kin tona wa kanki asiri a banza, kin ajiye rigar da Baba ya goge, kin koma gida kin sami Mama da firam ɗinta. Saura kwana huɗu fa. Kwana huɗu kacal.

In kuma ba iri ɗaya ba ne? Ta san amsar, ta rubuta ta a jarrabawa har ta ci maki cikakke. Da farko sanyi ya kama mutum ya fara kakkarwa. Sai ciwon baya, sai numfashi ya yi wuya, fitsari ya koma kamar shayi, ƙoda ta tsaya.

Sai muryar ta ce: ai tsoho ne, dama ba shi da lafiya. Wa zai yi mamaki?

Wannan ya fi komai tsorata ta. Ba ta taɓa sanin akwai mai irin wannan magana a cikinta ba. Ta wanke fuska, ta wanke hannun dama zuwa gwiwar hannu, tana tunanin yanzu za ta shimfiɗa sallaya ta ɗaga waɗannan hannuwan ta yi kabbara, a daidai lokacin da jinin ke sauka a jijiyar mutumin a saman bene. Ta tsaya gaban Allah ta ce masa me? Hannun hagu bai samu wanki ba. Ta bar famfon a buɗe ta ruga.

"Auta! Ke Auta!"

Ba ta waiwaya ba. Ta bi ta dogon baranda, ta kauce wa wata mai turo keken marasa lafiya, ta bangaje bokitin mai goge ƙasa, tana jin zagin mai bokitin a bayanta. Benen hawa biyu ne, matakala ashirin da huɗu, kullum tana ƙirga su. Yau ba ta ƙirga komai ba, bakinta kawai ke cewa ya Allah, ya Allah, kada a ce an fara.

Ledar tana rataye a jikin ƙarfe kusa da gado na bakwai, ja wur, jinin ya riga ya cika siririyar robar da ke sauko da shi har bakinta. Mutumin da ke kan gadon siriri ne, ba gemu, ba ta taɓa ganinsa ba. Sista, wata kakkaurar mata da ta kusa haihuwar Auta, ta samu jijiya a bayan hannunsa, ta manne allurar da filasta, tana riƙe da bakin robar za ta haɗa.

"Sista, tsaya!"

Muryar ta fito siririya kamar ta ɗan tsako. Sista ba ta ko ɗago ba. Auta ta ƙarasa ta damƙe robar da hannu biyu ta lanƙwasa ta.

"Ke! Kina da hankali kuwa? Awa guda ina fama da jijiyar bawan Allahn nan, sai yanzu za ki zo ki yi mani wasan yara? Sake mani roba!"

"Kada ki sa masa."

"Saboda me? Ga suna, ga lamba, mu biyu muka duba. Sa hannun wane ne wannan? Ba naki ba ne?"

"Nawa ne."

"To?"

Gadaje goma sha biyu, da masu jinya, da mai goge ƙasar da ta biyo ta don ta ƙarasa zaginta, duk ita suke kallo. A bakin ƙofa kuma ga Baba, yana haki, kular abinci a rungume a ƙirjinsa. Da a ce ba ya wurin da abin ya zo mata da sauƙi. Ta juya wa ƙofar baya ta fuskanci Sista.

"Ba jininsa na gwada ba. Da safe na zo, na sami wancan baban a gadon nan. Ban tambayi sunansa ba. Ban duba hannunsa ba. Laifina ne."

Sista ta dubi ledar, ta dubi gado na takwas inda dattijon ya saki carbinsa a kan bargo. A hankali ta mayar da murfin bakin robar ta rufe, ta sauke ledar daga ƙarfen, ta riƙe ta nesa da jikinta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce ƙasa-ƙasa. Sannan ta juya kan tsofaffin. "Kun gani ko? Kun ga abin da nake faɗa maku?"

"Ni fa alƙibla kawai na nema, 'yata," in ji mai carbi.

Mai rediyo ya ɗago kai da ƙyar. "Wato jinin ustazu za a ɗura mani? Da kun bari, ko na fara tashin asuba a kan lokaci."

Wani ya yi dariya a ƙarshen ɗakin, ba wanda ya taya shi. Auta ba ta yarda ta dubi ƙofa ba.

Ta sake ɗibar jinin a gaban Sista. Ta tambayi mai rediyon sunansa, ya faɗa, ta duba robar, ta rubuta a nan bakin gadon.

Labari ya riga ta sauka. Hajiya tana tsaye a tsakiyar ɗakin gwajin, jan biron a aljihun gaba, sauran ma'aikata kowa ya sunkuyar da kai kan aikinsa kamar ba ya ji. Ta nuna wa Auta tebur da haɓa. Auta ta ɗiga jinin a kan farantin gwaji, ta ɗiga ruwan gwajin, ta gauraya. Hajiya na tsaye a kafaɗarta, har tana jin numfashinta. Suka jira.

Jinin ya dunƙule a inda na safe bai dunƙule ba. Rukuninsu ba ɗaya ba ne. Da ledar nan ta shiga jikinsa, da ba lallai ya kai magariba ba.

Auta ta kai hannu ta fara ɓalle maɓallin farar rigarta.

"Me kike yi?"

"Kin faɗa tun ranar farko, ranki ya daɗe."

"Na san abin da na faɗa. Mutum yana kwance a sama yana jiran jini, ke kina nan kina tuɓe riga. Wa zai ƙarasa maki aikin, ni? Mayar da maɓallin."

Ta mayar. Ta ɗauko sabuwar leda, ta haɗa gwajin jituwa, ta sa a na'ura. Minti arba'in yake ɗauka. Hajiya ta dubi agogo ta ce, "Je ki yi salla, fuskarki kamar ta gawa."

Ta sake alwala daga farko. A ɗan lungun da ke bayan firji, inda matan ɗakin ke shimfiɗa sallaya, ta yi azahar. A sujadar ƙarshe ta kasa ɗagowa. Ba ta roƙi takarda ba, ta ma manta da ita. Godiya kawai take yi, tana kuka ba sauti, har ta ji sanyin siminti ya ratso sallayar ya kama goshinta.

Da ta dawo Hajiya ta tura mata farar takarda da biro, baƙi.

"Ki rubuta duk abin da ya faru, da lokacinsa, kada ki gyara komai. Zan kai gaba. Maganar Litinin ki cire ta a ranki. Zan nemi a ƙara maki wata shida ki sake farawa. Ko za su yarda, ko ba za su yarda ba, ban sani ba, kuma ba zan yi maki alkawari ba."

"Na gode, ranki ya daɗe."

"Kada ki gode mani." Hajiya ta cire gilashinta tana gogewa da gefen mayafi. "Shekara ashirin da biyu ina ɗakin nan. Mutum uku na kora a kan wannan laifin, kuma duk ukun ni na kama su. Ban taɓa samun wanda ya kawo kansa ba, shi ya sa ban san yadda zan yi da ke ba. Ɗauki ledar ki kai da kanki."

A barandar sama ta ci karo da Baba, zaune a kan benci, kular a gefensa. Ta tsaya nesa kaɗan, idonta a ƙasa.

"Baba, babu takarda ranar Litinin. Wataƙila ma babu aikin."

"Na ji."

"Mama fa?"

"Za ta yi kukanta ta share. Firam ai ba ya ruɓewa." Ya sa hannu a babban aljihunsa ya zaro takalmi ƙafa ɗaya, baƙi, mara tsini. "Ungo. A matakala na tsince shi. Tun ɗazu kike yawo da ƙafa ɗaya a safa, duk asibiti na kallonki."

Ta duba ƙafarta. Wallahi har ta yi alwala ta yi salla hankalinta bai kai wurin ba.

"Shekara talatin ina gudu da mutane zuwa asibitin nan," ya ce, yana kallon bango, ba ita ba. "Da jiniya, da komai. Ban taɓa ganin gudu irin na yau ba." Ya share maƙogwaro. "Wuce ki kai masa, kada ya huce."

"Jini ne, Baba, ba shayi ba."

"To likita, wuce dai."

Su biyu suka duba ledar, ita da Sista, suna karanta sunan da lambar da ƙarfi. Auta ta sunkuya wurin mai rediyon ta ce, "Baba, faɗa mani sunanka."

"Sau nawa yau? 'Yar nan, ko matata ba ta kira sunana haka ba."

Amma ya faɗa. Sista ta haɗa robar ta buɗe. Auta ta tsaya a ƙarshen gadon, hannuwanta a dunƙule cikin aljihu, tana kallon ɗigon yana sauka ɗaya bayan ɗaya. Minti goma sha biyar na farko su ne abin tsoro. Ta kafa masa ido tana jiran kakkarwa, tana jiran ya ce bayansa. Ya yi tari sau ɗaya, ta zabura. Ba komai ba ne, tari ne kawai. Sista ta auna zafin jikinsa, ta auna bugun zuciya, ta rubuta, ta gyaɗa kai.

Mutumin nan yana numfashi. Auta ta tsaya tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka a ƙarƙashin bargo, ta ji wani abu ya zauna mata a rai wanda ba ta ji ba ko ranar da aka ɗauke ta aiki. Tsoron Litinin yana nan bai tafi ba, amma ta san in suka bar ta, gobe da bakwai da rabi za ta hau benen nan da tirenta, kuma ba don takarda ba.

Baba ya shigo ya jawo kujera ya dasa ta tsakanin gado na bakwai da na takwas, wai shi ne mai gadin iyaka. Mai carbi ya ce ai sai a juya masa gadonsa kawai ya fuskanci alƙibla, mai rediyo ya ce shi kuma a jawo masa waya, Sista ta ce duk wanda ya ƙara motsa ko da filo ne sai ta ɗaure shi da bandeji. Gardama ta kaure, masu jinya suka sa baki, wani daga gado na uku yana rantsuwa cewa alƙiblar ma ba can take ba. Mai rediyo ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Wai ina yarinyar nan ne? A kira mani ita in sa mata albarka."

Auta ta riga ta ɗauki akwatin sanyin. Ta bi ta bayan labulen gado na goma sha biyu, ta tura ƙaramar ƙofar da ke kaiwa benen baya, ta mayar da ita a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba, ta sauka.